Saurin Labari Ba Aibi Ba Ne

Sau da yawa mai karatu kan yaba ƙagaggen labarin binciken 'yan sanda da cewa ya hana shi barci, manazarta kuwa su raina wannan hukunci. Ba su kyauta ba. A wasu littattafan James Hadley Chase, marubucin Ingila da ya rasu a 1985, ɗan sandan ciki Tom Lepski yana bin sawun masu laifi, labarin na gudu da gajerun jimloli da ɓoye sirri. Wannan gwanintar zubi da tsari ce, ko da yake taurarin ba su cika zurfi ba. Malamin da ya hana ɗalibai irin waɗannan littattafai ya kashe musu sha'awar karatu. Gara ya sa su zaƙulo dabarun da suka riƙe su.