Ƙofar Bayan Fijon Baba Alhaji

Yau zancen mota na zo da shi, kuma ina roƙon kada wata ta ce ai wannan na maza ne ta wuce. Kujerar baya dai mu ne a kanta, mu da 'ya'yanmu.

Makonni uku da suka wuce muka tashi daga Maska za mu biki Malumfashi a motar surukina, Baba Alhaji. Fijo ce 504, fara, wadda ya saya da kuɗin auduga tun maigidana yana firamare. Mun wuce Funtuwa kaɗan direba ya kauce wa wani rami, sai kawai ƙofar baya ta dama ta wangale. 'Yata mai shekara huɗu ce a jingine da ita tana kallon gonakin masara. Allah ya sa ƙanwar maigidana ta yi saurin cafko rigarta. Aka tsaya, aka yi ta salati. Direba ya sauke gilashi, ya ɗauko igiyar roba ya ɗaure ƙofar, ya ce: "Ai dama haka take yi, Hajiya, sai an buga ta da ƙarfi." Wannan "dama" ɗin ce ta hana ni barci a daren.

Ban ga laifin motar ba. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kuma daga 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya shiga harhaɗa motoci a nan gida, ya ci gaba da fitar da irinta har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransawan kansu sun daɗe da daina yin ta. Motar da ta shekara talatin ko arba'in tana bin hanyoyinmu da buhunan masara da 'yan biki ta biya kuɗinta. Sai dai mu mutane inji muke kula da shi. A canja baƙin mai, a duba birki, amma ƙofar da ake buɗewa da rufewa kullum ba mai waiwayarta sai ta ƙi rufuwa.

Da muka kai motar gareji a Funtuwa na ƙi zama a gida, na bi su. Bakaniken ya cire marfin cikin ƙofar ya nuna mini komai. A gefen ƙofa akwai maƙulli mai baki kamar ƙugiya, shi ke kama wani ƙarfe da ke ɗaure a ginshiƙin motar. Kamu biyu yake yi. Idan kika tura ƙofa a hankali za ki ji ƙas na farko, kika ƙara dannawa ki ji na biyu. Na biyun ne rufuwa ta gaskiya, na farkon kuwa an yi shi ne don ya tare ƙofa idan na biyu ya suɓuce. Ƙofarmu ta daɗe ba ta kaiwa na biyu, na farkon kuma ya cinye. Ashe duk tafiyar nan ikon Allah ne kawai yake riƙe da ita.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, yawancin abin da ke jawo haka ƙaramin aiki ne. Ƙurar hunturu tana shiga ta cakuɗe da tsohon giris ta daskare, ƙugiyar ta daina juyawa sosai. Maganin wannan a wanke da kananzir a sa sabon giris. Wani lokaci ƙarfen da ke ginshiƙi ne ya goce, sai a sassauta kusoshinsa a daidaita shi a ɗaure. Wani lokaci kuma ƙofar ce ta sauko, saboda ƙarafunan da take lilo a kansu sun ci, balle a gidan da yara ke lilo a jikinta. Ki buɗe ta ki ɗaga ƙarshenta sama da hannu. In kin ji tana wasa, to ko sabon maƙulli aka sa ba zai zauna daidai ba sai an gyara wannan tukuna.

Amma idan haƙoran ƙugiyar sun yi sumul, ko wayar da ke mayar da ita ta karye, a canja shi gaba ɗaya. Kada ki yarda a ce za a ɗiga masa walda a goge. Zai riƙe na ɗan lokaci, ya sake ki ranar da ba ki zata ba. Kayan tsofaffin Fijo ba su ɓace ba, ana neman su a Fanteka ta Kaduna da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wanda za a aika ya tafi da tsohon a hannu, don na dama daban, na hagu daban, na gaba ma ba ɗaya yake da na baya ba. Tunda galibi na hannu ne za a samu, a gwada kamu biyun nan kafin a biya.

Igiya kuwa, ku yi haƙuri, ba gyara ba ce. Ta hana ƙofa buɗewa a kan hanya, haka ne, amma za ta hana ta buɗewa ranar da mota ta kama wuta ko ta faɗa rami, kina ciki da goyo. Haka ƙofar da ake cewa "ta waje kawai take buɗuwa" alhali lalacewa ta yi. Wannan daban yake da ɗan maɓallin kare yara da motoci da yawa ke da shi a gefen ƙofar baya, wanda ke da kanki za ki kunna ki kashe. Ki duba ko taku tana da shi.

Mafi wuya a wurina shi ne yadda zan gaya wa Baba Alhaji, don motar nan kamar 'yarsa ce, kuma ba a gaban suruki ake kushe abin da yake ji da shi ba. Ta bakin Hajiya na bi. Na ce mata jikarta ce ta kusa faɗowa, ban ambaci tsufan mota ba ko sau ɗaya. Washegari da kansa ya kira direba ya ba shi kuɗin gyara, wanda bai ma kai kuɗin atamfar ankon da muka sa a bikin ba.

Yanzu kafin mu tashi, ko a motar gida ko a ta haya, nakan rufe ƙofar da kaina, in ja ta, in tura ta da kafaɗa daga ciki, sannan ƙananan yara su zauna a tsakiya, babba a bakin ƙofa. Direbobin tasha sukan yi mini dariya, wani har ya ce ko zan sayi motar ne. An gyara ƙofofin baya biyu na Fijon. Ta gaba ta ɓangaren Hajiya har yanzu sai an buga sau biyu, kuma na sa wa maigida ido a kanta kafin a fara jigilar amfanin gona.