Daga Audugar Garwa Zuwa Harajin Hayaƙi

A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka yi a Kankun, ƙasashen Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kukan tallafin da Amurka ke bai wa manoman audugarta. Kamaru ba ta cikin masu kukan, amma manoman da ke sayar wa Sodecoton, kamfanin da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, sun ɗanɗana faɗuwar farashin kamar kowa. Taron ya watse babu matsaya.

A 2005 Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar hayaƙi. Duk tan ɗin iskar kabon da babbar masana'anta ta fitar, sai ta miƙa takardar izininsa, wanda takardunsa suka yi rara kuma ya sayar wa wanda nasa suka gaza. Masu siminti da ƙarfe suka ce muddin aka sa su saya, kayan waje za su cinye musu kasuwa. Aka riƙa ba su takardun kyauta. A ganina tallafin auduga ne aka sake wa riga, mai ƙarfi ya kafa doka ya kuma yi wa 'ya'yansa rangwame.

Yanzu za a janye kyautar sannu a hankali daga 2026 zuwa 2034, a maye gurbinta da haraji a bakin iyakar Turai kan shigo da siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidurojin. Auduga ba ta ciki tukuna, simintin Figuil na arewacin Kamaru kuwa ba Turai yake nufa ba. A Kamaru, wanda abin zai fara taɓawa shi ne kamfanin alminiyom na Alucam da ke Edéa, can kudu, mai aiki tun 1957 da wutar ruwan kogin Sanaga. Abin takaici, lissafin alminiyom hayaƙin cikin masana'anta kawai yake dubawa, tsabtar wutar ba ta ƙara masa komai.

Darasin Kankun shi ne kuka bayan an rubuta doka ba ya sauya ta. Wanda bai auna hayaƙinsa ba, ƙiyasin Turawa za a ɗora masa, kuma ba a yin ƙiyasin don a sauƙaƙa wa kowa. Masana'antun gurzar auduga da matsar mai na arewa, masu jan wuta daga madatsar Lagdo, gara su fara rubuta nasu alƙaluman tun kafin sunan auduga ya shiga jerin.