Faifan Larry Young da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

A shekarar 1973 wani makaɗin ogan na Amurka, Larry Young, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya yi faifan da ya sa wa suna Lawrence of Newark. Sunan kuwa wasa ne da sunan fim ɗin nan Lawrence of Arabia, domin shi haifaffen birnin Newark ne na Jihar New Jersey, kuma a lokacin ya riga ya musulunta yana amsa sunan Khalid Yasin.

Ogan ɗin Hammond da yake kaɗawa na lantarki ne, ƙananan ƙafafun ƙarfe masu juyawa ne ke haifar da sautinsa. Tun shekarun 1950 Jimmy Smith ya shata wa makaɗan wannan kayan kiɗa hanya, watau salon coci da na bulus, kowa kuma ya bi. Young ya ƙi tsayawa nan. Ya karkata ga tafarkin John Coltrane, kamar yadda faifansa Unity, wanda aka ɗauka a 1965, ya nuna. Daga baya ya yi aiki da Tony Williams, ya kuma sa hannu a Bitches Brew na Miles Davis.

To, amma a Lawrence of Newark ne ya saki jiki sosai. Ya tara maganga da yawa, ga jitar James Blood Ulmer, shi kuma ogan ɗin, maimakon ya yi ta gudu a gaba kamar yadda aka saba, sai ya riƙa shimfiɗa dogon amo wanda sauran kayan kiɗa ke hawa kai. Ba kiɗan rawa ne zalla ba, ba kuma jaz ɗin da dattawa suka sani ba ne. Mai neman waƙar da zai riƙe cikin minti uku zai gaji da shi, wannan gaskiya ne, kuma akwai wuraren da kiɗan yake cunkushewa. Duk da haka babu wanda zai saurare shi da kunnen basira ya ce maimaicin aikin wani ne.

Abin takaici shi ne yadda aka riƙe shi. Ƙaramin kamfanin da ya fitar da shi, Perception, ya durƙushe ba da daɗewa ba, faifan ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru. Young ya koma kamfanin Arista, inda ya fitar da Fuel a 1975 da Spaceball a 1976, waɗanda suka fi kusa da abin da kasuwa ke so, amma ko su ba su kawo masa ɗaukakar da ake zato ba. Ya rasu a 1978 yana da shekara 37, bai ga ranar da aka sake buga faifan aka shiga yabonsa ba.

Masu kamfani za su ce ciniki suke yi, ba sadaka ba. Ba a musa masu. Sai dai aikin da ba a saya ba a shekararsa ta farko ba shi ne aikin banza ba, bai kuwa kamata ransa ya rataya a wuyan kamfani guda ba. Wajibi ne ɗakunan adana tarihi da gidajen rediyo su riƙa karɓar kwafin duk faifan da ya fito, musamman na ƙananan kamfanoni, tun kafin mai kamfanin ya rufe ƙofa a rasa inda ainihin kaset ɗin ya shiga.