Ƙwarewa a poka: mu ɗauki alli mu yi lissafin tare

Akwai wata magana da ke yawo a fadojin samarinmu, daga Maraɗi har Damagaram, ta kuma fara shigowa farfajiyar lise. Wai cacar kartar da ake kira poka, wadda ake bugawa a salula, ba caca ba ce, ilimi ne kamar dara. Wai in yaro ya fara da ƙananan tebura, ya bi shawarar gwanaye, sannu a hankali zai ƙware ya riƙa cin abinci da ita. Ni malamin makaranta ne, ina cikin shekaru arba'in, kuma na ƙi wannan magana. Hukuncin addini a kan caca sananne ne, limamai sun faɗa. Amma yaron da ya yarda cewa wannan ba caca ba ce, wa'azin ya wuce ta saman kansa. Don haka da alli zan zo masa.

Mu fara ba su gaskiyarsu. Poka tana da ƙwarewa. A nau'in da aka fi bugawa, Texas Hold'em, ana ba kowa karta biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya, a riƙa zuba kuɗi zagaye bayan zagaye. Shawarwarin da ake ba sabon shiga ba ƙarya ba ne: ka jefar da mafi yawan kartar da aka raba maka, ka fi shiga wasa lokacin da kai ne na ƙarshen magana, kada ka yi burga ga wanda ba ya jin tsoro, ka tashi in ranka ya ɓaci, ka tanadi jarin zama talatin ko fiye. Wanda ya bi waɗannan zai fi wanda bai bi ba. Tambayar da masu tallar ba sa so a yi ita ce: in ya ƙware, nawa zai samu, kuma daga aljihun wa?

Ga lissafin. A mafi ƙanƙantar tebur, babban zubin tilas santim 2 ne na yuro, ana zama da yuro 2. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cika, ke nan zama ɗaya ya haura jikka ɗaya da ɗari uku. Su kansu ƴan wasan suna ɗaukar wanda ke cin babban zubi biyar a kowane rabo ɗari a matsayin mai kyakkyawan sakamako. Zubi biyar santim 10 ne, wato sefa 66, dala goma sha uku. Tebur ɗaya yana raba karta wajen sau saba'in a awa. Gwaninmu ke nan bai kai dala goma a awa ba. In ya buɗe tebur huɗu lokaci guda, idonsa na rawa, bai kai sefa 200 ba. Ba mu cire kuɗin intanet da na cajin salula ba. Ɗan kabu-kabu yana samun abin da ya fi wannan a ɗauka ɗaya. Jarin zama talatin kuwa yuro 60 ne, kusan jikka 39. Daga ina ɗan lise zai fitar da su, in ba daga kuɗin takardun jarrabawa ko adashen uwarsa ba?

Sai la'adar mai gida. Daga kuɗin da aka tara a tsakiya, kamfanin yana cire kasonsa, galibi wajen biyar cikin ɗari a ƙananan tebura. Poka ba ta noma gero, ba ta ɗinka riga. Kuɗin da mutum shida suka zauna da shi ne ke zagayawa, kuma kowane zagaye mai gida ya gutsira. In dukkansu shida suka karanta shawarwarin nan suka ƙware daidai wa daida, dukkansu asara za su yi. Cin wani ba ya yiwuwa sai akwai wanda ya fi shi rauni a teburin. Shi ya sa ake ta kiran sababbi. Ɗanka shi ne abincin da ake nema.

Abin da ya fi ba ni tsoro a matsayina na malami shi ne yadda wasan ke ɓata ma'anar koyo. A aji, in yaro ya yi kuskure a rabawa, jan biro ya nuna masa nan take. A poka sakamako yana yaudara. Mai riƙe da as biyu, in ya haɗu da mai sarki biyu, zai faɗi kusan sau ɗaya cikin biyar duk da ya yi daidai. Wani ya yi wauta ya kwashe kuɗi. Bisa ma'aunin hawa da saukar da ƴan wasan ke amfani da shi, mai cin zubi biyar ɗin nan yana iya buga rabo 10,000 ya tarar da kansa cikin asara, kusan sau uku cikin goma. Juya lissafin: wanda a haƙiƙa yake asarar zubi biyar, shi ma kusan sau uku cikin goma zai ga riba bayan rabo 10,000. A tebur ɗaya, awa ɗari da arba'in ke nan. Yaro ya ƙone awa ɗari da arba'in na shekarar bak ɗinsa, bai ma san ko gwani ne shi ko abin ci ba. In ya ci, ya ce ƙwarewa. In an cinye shi, ya ce rashin sa'a, sai ya ƙara karatu ya ƙara zubi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma bin asara don a maido ta yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa.

Za su kawo maka labarin Chris Moneymaker, akawun nan na Amurka da ya samu gurbi ta intanet, ya ci dalar Amurka miliyan 2.5 a babbar gasar Las Vegas a 2003. Gaskiya ne. Amma mutum 839 suka shiga gasar, kuma an yi shekara ashirin da wani abu. A lokacin teburan cike suke da waɗanda ba su san komai ba. Yau gwanaye da manhajoji suke nazari. A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, aikin jami'ar Carnegie Mellon da Facebook, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Kamfanoni sun hana amfani da irinta, amma yaron da ke zaune a Tawa ba shi da hanyar sanin wanda ke bayan sunan da yake gani.

Ko ya ci, wa ke riƙe da kuɗin? Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe shafukan manyan kamfanonin poka uku a ƙasarsu. Masu gabatar da ƙara sun ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, ƴan wasa na bin sa wajen dalar Amurka miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa wajen miliyan 60 ne. Amurkawa, da lauyoyinsu da kotunansu, sai da suka jira shekaru kafin a biya su. Faransa ta halatta poka ta intanet a 2010, ta kafa hukumar sa ido. Ɗan Madawa da aka riƙe wa kuɗi a shafin da ke wata ƙasa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Ƴan uwana malamai, kada mu bar wannan fili. Darasin yiwuwar aukuwa yana cikin tsarin lissafin lise. Mu shigo da karta 52 aji, yara su gano da hannunsu cewa as biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, su lissafa la'adar mai gida, su fitar da ladan awa ɗaya. Abin da yaro ya lissafa da kansa ya fi zama a kansa bisa ga tsawa.

Iyaye kuwa, ku lura da mai raba dare da salula yana gyangyaɗi a aji, da mai yawan roƙon a tura masa kuɗi ta waya ba dalili, da mai neman aron katin shaidar yayansa. Kada ku fara da bulala, don ɓoyewa zai ƙara. Ku zaunar da shi, ku ce ya rubuta duk abin da ya zuba da duk abin da ya ciro tun ranar farko. Haƙuri da lissafi da kamun kai da ake cewa poka na koyarwa, yaron da ke da su ya kai su ga jarrabawa ko sana'a, inda ribarsa ba asarar ɗan wani ba ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.