Tsohon haɗin ƙasar Sin da kansar babban hanji

A cikin littafin Shanghan Lun, wanda likitan ƙasar Sin Zhang Zhongjing ya rubuta kimanin shekara 1,800 da suka shuɗe, akwai wani haɗi na tsirrai huɗu da ake ba mai gudawa da ciwon ciki. Sunansa Huang Qin Tang, kuma ɗaya daga cikin huɗun ɗan'uwan magaryar da muka sani ne. Wannan haɗi Farfesa Yung-Chi Cheng na Jami'ar Yale da ke Amurka ya ɗauko, ya daidaita awonsa, ya raɗa masa suna PHY906, domin a ga ko zai amfani masu kansar babban hanji.

Domin a fahimci aikinsa, sai an san maganin asibitin da yake rakawa, wato irinotecan. Bayan irinotecan ya yaƙi ƙwayoyin kansa, hanta takan kashe kaifinsa ta tura shi hanji. A can kuma wasu bakteriya sukan dawo masa da kaifin, ya cinye shimfiɗar hanji, ya haddasa gudawa mai tsanani da takan tilasta wa likita rage maganin ko dakatar da shi. A binciken da Cheng da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, ɓerayen da aka haɗa wa PHY906 sun sami raguwar kumburi, shimfiɗar hanjinsu ta farfaɗo da wuri, ƙarin kansar kuma ya ƙara motsewa.

A ganina, nan ne darajar wannan magani take: ya taimaki majinyaci ya jure maganin asibiti har ƙarshe. Gwajin da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na matakin farko, kuma ba su nuna cewa haɗin shi kaɗai yana warkar da kansa ba. Duk mai cewa yana warkarwa ya zarce hujja.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne, domin shi kansa irinotecan asalinsa wani sinadari ne da Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace daga wata bishiyar ƙasar Sin, suka bayyana shi a 1966. Sai dai shekara 30 aka shafe ana gwaji kafin Amurka ta amince da maganin a 1996. Inda aka tsallake irin wannan tantancewa, an ga illa. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam sun sami ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka musanya wani tsiron Sin a cikinsa da mai guba, wasunsu ma daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari.

Wannan ya shafe mu. Kansar babban hanji ita ce ta biyu a yawan kisa cikin cututtukan daji a duniya, alhali idan aka gano ta da wuri tiyata na iya raba mutum da ita. A wurinmu kuwa, wanda ya ga jini a bayan gida yakan ce basir ne, ya yi watanni yana shan jiƙo ko ƙwayoyin kasuwa masu rubutun Sinanci a jikin kwali. Wanda ya ga jinin, ya je likita ya duba hanjinsa. Wanda kuma ke karɓar maganin kansa, ya faɗa wa likitansa duk wani tsiro da yake sha.