Ina Tsoron Allah a Wajen Gurfanar da Ƙananan Yara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi umarni da adalci, Ya yi hani ga zalunci. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bisa tuhumar cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a watan Agusta na 2024. Da dama daga cikinsu ƙananan yara ne da aka kwaso daga Arewa, sun shafe kusan wata uku a tsare. Duniya ta gan su a rame, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sanya belin kowannensu naira miliyan 10, aka ɗage shari'a zuwa Janairun 2025. Lauyan da ya gabatar da ƙarar ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa ai manya ne, har akwai magidanta a cikinsu, rundunar 'yan sanda kuma ta ce faɗuwar shiri ce. Sai da jama'a suka yi ca, sannan Antoni-Janar na Tarayya ya karɓi fayil ɗin, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, kotu ta kori ƙarar ranar 5 ga Nuwamba.

Mutane sun zargi 'yan sanda, sun zargi alƙali, amma kaɗan ne suka tsaya a kan mutumin da yake tsakaninsu, wato mai gabatar da ƙara. Ɗan sanda kamawa yake yi, alƙali kuwa abin da aka kawo gabansa yake dubawa. Wanda yake karanta fayil, ya auna shaida, ya zaɓi laifin da za a rubuta a takardar tuhuma, ya zaɓi kotun da za a kai, ya amince da beli ko ya yi suka, shi ne lauyan gwamnati, ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara a kotun majistare. Shi ne mai tsaron ƙofa. Yaro ba ya shiga gidan kaso sai ta hannunsa. Saboda haka muke cewa duk mai wannan aiki da ya kai yaro kotun manya ba tare da ya binciki shekarunsa ba, ya ci amanar da aka ba shi, ya saɓa wa dokar da ya rantse zai tsare, ya kuma saɓa wa Shari'ar Allah.

Mu fara da dokar ƙasa, domin kada wani ya ce aikinsa kawai ya yi. Sashe na 174 da na 211 na kundin tsarin mulki na 1999 sun ba Antoni-Janar na Tarayya da na jiha ikon shigar da ƙara, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta, suka kuma shardanta masa ya lura da maslahar jama'a da adalci, ya hana a yi wasa da shari'a. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki a Abuja, ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 204 ya hana a bi da shi ta hanyar shari'ar manyan masu laifi. Sashe na 209 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe maganar da ba ta yi tsanani ba ta hanyar sulhu, da biyan ɓarna, da sa ido a kan yaron, ba tare da an je gaban alƙali ba. Sashe na 212 ya ce ba a tsare yaro kafin shari'a sai in babu wata mafita, kuma na ɗan lokaci ƙalilan. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, Kano ta yi tata a 2023. Kai, ko tsohuwar dokar Final Kod, a sashe na 50, ta ce babu laifi a kan wanda bai kai shekara 7 ba, haka nan wanda bai kai 12 ba matuƙar hankalinsa bai kai ya gane abin da yake aikatawa ba. To wane ne bai karanta waɗannan ba a cikin masu sanye da baƙar riga?

Amma mu, tun kafin a rubuta ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da fiye da shekara dubu, Musulunci ya gama da wannan mas'ala. Abu Dawuda da wasunsa sun ruwaito hadisi daga Nana A'isha da Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da su, wanda ya lissafa mutum uku da ba a rubuta musu zunubi, a cikinsu har da yaro kafin ya balaga. A kan wannan malaman fiƙihu suka gina cewa babu haddi babu ƙisasi a kan yaro. A mazhabar Imamu Malik gangancin yaro hukuncin kuskure yake ɗauka, sai diyya ta hau kan danginsa. Iƙirarinsa a kan kansa ba hujja ba ne, balle iƙirarin da aka karɓa da mari da gora a ofishin 'yan sanda, wanda ko na babba ne Shari'a ba ta karɓarsa. Abin da ya rage a kan yaro shi ne ladabtarwa, manufarta kuwa gyara, kuma gwargwadon ƙarfinsa da hankalinsa. Dokokin laifuka na Shari'a da jihohinmu suka kafa tun daga Zamfara a 2000, su ma a kan mukallafi suka ɗora haddi.

Ku dubi yadda magabata suka ɗauki maganar shekaru da muhimmanci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14 aka mayar da shi, ranar Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi, kuma da labarin ya kai ga Halifa Umar ɗan Abdul'aziz sai ya rubuta wa gwamnoninsa su riƙe wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. Idan alamomin balaga ba su bayyana ba, Shafi'iyya da Hanabila sun tsaya a kan 15, mashhurin Malikiyya kuwa 18. Malamai sun yi saɓani a kan adadi. Ƙa'ida kuma sananniya ce cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. Wanda yake da'awar yaro ya girma, shi zai kawo hujja.

A nan ne ɓarnar take. Binciken lafiya da ƙidaya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Ɗan talaka da almajiri ba su da takarda, saboda haka idan aka rubuta 19 a gaban sunan ɗan shekara 15, babu mai musu. Da alƙalami ɗaya an fitar da shi daga kariyar doka. Sai a ɗora masa tuhuma mai nauyi, fashi da makami ko haɗa baki, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, ita kuma ta tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta a kan tebur, wata ya bi wata. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a haɗa yara da manya a wuri ɗaya, amma shekara da shekaru gidajen horon matasa na Tarayya uku ne aka sani, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta. Yaron da aka kama da satar kaza sai ya kwana ɗaki ɗaya da ƙwararren ɗan fashi. Wane karatu kuke zaton zai ɗauko? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun miƙa shi ga wanda zai tanƙwara shi ta karkatacciyar hanya.

Wani zai ce: malam, ba ka ga 'yan daba da masu ƙwacen waya ba ne? Yara ne suke soka wa mutane wuƙa, suna mayar da mata zawarawa. Mun gani, kuma ba mu ce a sake su su ci gaba ba. Jinin Musulmi da dukiyarsa ba su faɗi don wanda ya taɓa su yaro ne. Shari'a ta wajabta diyya, ta wajabta biyan abin da yaro ya lalata daga dukiyarsa, ta ba hukuma damar tsare shi a inda za a gyara shi, kuma wanda aka tabbatar ya balaga hukuncin manya ya hau kansa. Abin da muke ƙi shi ne a huce haushi a kan mai rauni. Wa ya sayar wa yaron ƙwaya? Wa yake sayen wayar da ya ƙwato? Wa ya ba shi kuɗi da makami lokacin zaɓe? Me ya sa ba ma ganin sunayen waɗannan a takardar tuhuma? Ɗan mai kuɗi idan ya yi ɓarna, kafin la'asar an kashe magana a ofis. Sashe na 209 yana aiki ke nan, amma ga masu uwa a gindin murhu kaɗai. Wannan shi ne irin bambancin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kansa a ƙissar matar nan ta ƙabilar Makhzum, ya bayyana cewa shi ya halaka al'ummomin da suka gabata.

Akwai kuma 'yan'uwa masu ganin mafita ita ce mai tsoron Allah ya nisanci wannan aiki gaba ɗaya. Ba mu tare da su. Kujerar ba za ta zauna babu kowa ba. In na kirki ya ƙi, wanda ba ya tsoron Allah zai hau. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar don ya tsare amana. Abin da muke nema ga ɗan'uwa mai wannan aiki shi ne: kada ya sa hannu a tuhuma sai ya ga yaron da idonsa, ya nemo iyayensa ko malaminsa ko mai unguwarsu, in ta kama a kai shi ga likita a ƙiyasta shekarunsa. Kada ya dogara da iƙirarin da aka karɓa babu waliyyi babu lauya. Kada ya rubuta laifin da ya san ba shi da shaidarsa don kawai a hana beli. Kada fayil ɗin yaro ya kwana a teburinsa alhali mai shi yana kwana a kurkuku. Idan kuma umarni ya zo daga sama a yi zalunci, ya rubuta shawararsa ta gaskiya ya ƙi, domin babu biyayya ga wani mahaluki a cikin saɓon Allah, kuma ranar hisabi ba a zuwa da mai gida.

Mu ma akwai namu. Iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa, wannan takarda tana iya zama tsakanin yaro da kurkuku. Rassanmu su kafa kwamitocin da za su riƙa ziyartar gidajen yari da gidajen ajiye yara irin na Goron Dutse a Kano, su rubuta sunayen yaran da aka manta da su, su haɗa su da lauyoyinmu. Alƙali Abu Yusuf, a Kitabul Kharaj, ya nemi Halifa Haruna Rashid ya sa a riƙa duba al'amarin fursunoni a kai a kai, a saki wanda ba shi da laifi. Yaran Abuja sun sami kyamara ta ɗauke su, shi ya sa suka fita. Waɗanda babu mai ɗaukar hotonsu, su wa za su yi musu magana in ba mu ba?

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu da lauyoyinmu ikon tsayar da adalci, Ya kiyashe mu ɗaukar alhakin marasa ƙarfi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.