Kada A Ga Laifin Masu Zargin 'Yan Tseren Keke

Duk shekara, da zarar wani ya yi wa abokan tserensa fintinkau a kan duwatsun Faransa a gasar keke ta Tour de France, sai a fara raɗe-raɗin cewa ya sha ƙwaya. Waɗansu suna ganin wannan zato zalunci ne. Mu dai ba mu ga laifin masu zaton ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Lance Armstrong, mutumin Amurka, ya cinye gasar sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, yana ta bugun ƙirji wai an sha gwada shi ba a sami kome ba. Sai a 2012 aka ƙwace nasarorinsa, a 2013 kuma ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don kada mutum ya gaji da wuri. Abin kunya, hukumar tseren keke ta duniya ba ta miƙa nasarorin ga kowa ba, gama yawancin waɗanda suka rufa masa baya su ma ba su tsira daga zargi ba.

Shaidar abokan tserensa ce ta tona masa asiri. Ya kamata hukumar ta riƙa sauraron irin waɗannan mutane tun da wuri, ta kuma ajiye jinin zakaru har shekara goma da doka ta yarda, ana sake gwada shi.